Ɗan teku a falon Yamai: kifi nawa, wace fitila, wa zai zauna da wa

Ɗan yayata da ke zaune a unguwar Bukoki a Yamai ya turo mini hoto wani dare cikin watan Maris. Akwatin kifi ne na gilashi mai cin lita 60, wanda wani abokin aikinsa da zai bar ƙasar ya bar masa, haɗe da fitila da ɗan injin tace ruwa. Ƙarƙashin hoton ya jero abin da yake son zubawa: kifi takwas, har da shuɗin nan mai rawayar wutsiya da yara suka sani a fim ɗin zane, da furen teku mai harbi, da murjani mai rassa kamar ƙahon barewa. Ya rubuto, "Kawu, wanne zan fara saye?" Na ce masa, "Ɗana, sayi ma'aunin zafi. Ka cika akwatin da ruwan pampo, ka kunna fitilar da injin, ka bar shi sati biyu babu mai rai a ciki. Kullum ka rubuta abin da ma'aunin ya nuna da asuba da kuma bayan la'asar." Amsar ba ta yi masa daɗi ba, amma ya bi. Da sati biyun suka cika ya turo mini takardar: digiri 29 da asuba, 33 da yamma, wata rana ma har 34. Da ya zuba abin da ya lissafa, da wata bai ƙare ba ya kwashe gawarwakinsu.

Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet kan ƙaramin akwatin murjani mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, kuma su abin da ke damunsu shi ne yadda za su ɗumama ruwa. Abin da suke faɗa kan kifi da fitila daidai ne. Amma wanda ke Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 kusan kullum, sai ya fara lissafinsa daga zafi da kuran, sannan ruwa, sannan haske. Kifi shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne ya ja mutum ga sha'awar.

Mu dai mun san murjani a wuyan amarya. Wancan ja ne, daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma a kogunan duwatsu masu duhu yake girma, ba ruwansa da haske. Wanda ake kiwo a akwati ɗan'uwansa ne daga tekuna masu ɗumi, irin na Indunusiya da Filifin da Bahar Maliya da gaɓar Kenya. Dabba ne, ko da yake ido yana ganinsa kamar fure ko dutse. A cikin namansa akwai wata gansakuka ƙarama ƙwarai da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa haske ta yi abinci ta ba shi, har takan ɗauke masa kashi 90 cikin 100 na abin da yake bukata. Wannan zaman tare yana da iyakar zafin da yake ɗauka. Idan ruwa ya ɗara abin da murjanin ya saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai ya fitar da gansakukar daga jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi a hankali. Abin da ya faru ke nan a manyan tekunan duniya a 1998, ya kuma maimaita a 2016 a babban tsaunin murjani na Ostireliya. A akwati ana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 25 da 26. Zai jure 28 na ɗan lokaci. Daga 30 zuwa sama kuwa asara ta soma.

To me ya sa ƙaramin akwati ya fi wuya, alhali kamar shi ne na ɗan koyo? Saboda ruwa kaɗan ba ya shanye kuskure. A ɗauki akwatin lita 60 ɗin nan. In an sa dutse da yashi, ruwan da ya rage bai fi lita 50 ba. Ruwan teku yana da gishiri gram 35 a kowace lita. A busasshiyar iskar Yamai, da fanka tana hurawa, lita biyu kan iya ƙafewa a yini ɗaya, kuma ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan. Ke nan daga 35 an koma 36.5 cikin yini guda, in an yi kwana uku ba a ƙara ba an kusa 40. Kifi zai iya daurewa, jatan lande da murjani ba za su iya ba. Haka zafi yake, haka ragowar abinci, haka kifi ɗaya da ya mutu a bayan dutse ba a gani ba. Shi ya sa nake ce wa duk wanda bai riga ya sayi akwati ba ya nemi mai cin lita 80 zuwa 120. Ƴan ƙananan nan na lita 20 ko 30 da ake nunawa a kan tebur suna da kyau a hoto, amma aikin gwanaye ne, kuma a garin da ɗaki ke da sanyi. A kuma tuna da nauyi: akwatin lita 100 da dutsensa da gilashinsa ya haura kilo 120, tebur na ainihi yake so.

Maganar zafi na koye ta ne da asara. Shekarata ta farko da wannan kiwo, wata Alhamis cikin Mayu, aka ɗauke kuran da hantsi ina wurin aiki. Na dawo bayan magariba na tarar da ɗakin kamar tanda. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono, yana wani ƙarni. Kifi ɗaya yana kwance a yashi, ɗayan yana sama yana haki, bakinsa a fuskar ruwa. Wani murjani mai taushi, wanda ake kira murjanin fata, da na yi wata biyar ina lallaɓawa ya sunkuya, gefensa yana narkewa kamar sabulun da aka manta a bokiti. Ma'auni ya nuna 33. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne rashin iska ya riga zafin yin kisa. Ruwan gishiri dama iskar shaƙa da yake riƙewa ta gaza ta ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi kuma yana ƙara rage ta, ga injin da ke motsa fuskar ruwa ya tsaya. Cikin ƴan sa'o'i ƙalilan komai ya shaƙe.

Tun daga ranar ban ƙara haɗa injin motsa ruwa kai tsaye da kuran gida ba. Ɗan injin nan bai fi cin wat 5 zuwa 10 ba, batir ɗaya da ƙaramin farantin hasken rana sun ishe shi ya kwana yana aiki. Ko babu wannan, akwai ɗan injin hura iska mai aiki da batir wanda ke tashi da kansa in wuta ta ɗauke. Fitila tana iya mutuwa kwana biyu ko uku murjani bai ji komai ba, hadari ma yakan rufe rana a teku. Motsin ruwa ne ba a yarda ya tsaya. Sanyayawa kuma hanya uku ce. Mafi sauƙi ita ce ƙaramar fanka da ke hura fuskar ruwa, wadda a lokacin rani take sauke digiri 2 zuwa 4, ko da yake ƙarfinta yana raguwa da damina in iska ta yi laima. Sai ɗaki mai kilim da ake bari a kunne. Sai injin sanyaya ruwa na musamman, wanda ke da tsada, yana cin wuta, kuma zafin da ya cire daga ruwa cikin ɗakin yake zubar da shi. Gorunan ruwa da aka daskarar a firigo na ranar gaggawa ne, a rufe su ruf, a riƙa sa ɗaya bayan ɗaya don kada zafin ya faɗi gaba ɗaya. Wanda ya auna ya ga ba zai iya tsayar da ruwansa ƙasa da 28 a watan Mayu ba, ina roƙonsa ya haƙura da murjani tukuna. A Disamba da Janairu kuma, da dare kan sauka zuwa digiri 15 ko 16 a waje, ana bukatar ɗan abin ɗumama ruwa mai wat 50 zuwa 100 mai kashe kansa.

Ruwan kansa ba na pampo ba ne. Na Yamai daga kogi ake jawo shi a tace a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi kyau ga mutum, amma yana ɗauke da abubuwan da ke ciyar da gansakuka da waɗanda ke cutar da murjani. Ana bukatar matatar nan da ake kira osmos, da ƙaramin ma'aunin da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa, kuma ana son ya nuna sifili ko kusa da haka. Matatar tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da ɗaya, sai a tara wannan a ba shuka. Kada a yi amfani da ruwan da ke ɗiga daga kilim, don ya bi ta kan ƙarfe da ƙura, kuma jan ƙarfe guba ne ga jatan lande da dodon koɗi da murjani. Gishirin ma na musamman ne, wanda aka haɗa da alli da sauran ma'adanan teku fiye da goma. Gishirin miya ko na Bilma ko kanwa ba sa tsaya masa. Ana dama shi a bidon lita 25 mai tsabta, a bar shi ya kwana, a auna da ma'aunin gishiri mai ɗan madubi har ya nuna 1.025 ko 1.026. Kowane sati a canza kashi 10 cikin 100 na ruwan. A akwatin lita 80 wannan lita 8 ne, gishiri kamar gram 300, wato wajen kilo 16 a shekara. Tun da daga waje yake zuwa, gara mutum ya ajiye na shekara tun farko, ya rufe shi da kyau saboda laimar damina. Ruwan da ake ƙarawa kullum don maye wanda ya ƙafe kuwa tatacce ne zalla, ba gishiri.

Dutsen da ake sawa farin dutsen teku ne mai ramuka, kamar kilo ɗaya ga kowace lita goma, da farin yashi irinsa. Marmara da yashin bakin kogi su tsaya a waje. A ramukan dutsen nan ne bakteriyar da ke tace ruwa take zama. Kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wata bakteriya ta mai da ita nitirit, wata kuma ta mai da nitirit nitirat, wanda shi ne mai sauƙin, shi ne kuma canjin ruwa ke ragewa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawa ana ɗaukar sati huɗu zuwa shida. A zuba bakteriyar kwalba, a jefa ɗan abincin kifi, a riƙa aunawa, har amoniya da nitirit su hau su sauko sifili. A tsakiyar wannan jira wata ƙura mai launin ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi. Mutane da yawa a nan suke tsorata su zubar da ruwa su wanke dutse, su koma farko ba su sani ba. Ƙurar takan tafi da kanta.

Yanzu fitila. Tun da murjani da haske yake ci, fitilar ita ce tukunyarsa, kuma ba kowane haske ke masa amfani ba. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a ƴan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa, don haka gansakukar da ke jikin murjani da shuɗi ta saba, mai tsawon zango wajen nanomita 450. Shi ya sa akwatunan murjani ke da launin nan na shuɗi mai ɗaukar ido. Doguwar farar fitilar ɗaki ko ƙwan LED na kasuwa za su haska akwatin ka ga kifi tas, amma murjani zai yi ta ramewa, koriyar gansakuka ce za ta yi ƙiba. A nemi fitilar LED da aka yi don murjani, wadda ake iya rage mata ƙarfi. Ga akwatin lita 60 zuwa 100, mai wat 30 zuwa 50 ta wadatar. Ana auna hasken da murjani ke amfana da shi da wani ma'auni da ake kira PAR. Murjani mai taushi yana son 50 zuwa 100, mai ƙashi da manyan baki 75 zuwa 150, mai rassa irin wanda ɗan yayata ya so 200 zuwa 350.

Abin da na lura shi ne ɗan koyo ya fi kashe murjani da yawan haske fiye da ƙarancinsa. Ya sayi fitila mai tsada, ransa ba ya ba shi ya bar ta a kashi 30, sai ya ƙure ta. Murjanin da ya kwana biyu a cikin leda a duhun kwali ya fito ya ci karo da wannan, sai ya ƙanƙance ya koɗe. A fara daga kashi 30 ko 40, a riƙa ƙara 5 kowane sati, sabon murjani kuma a fara ajiye shi a ƙasa kan yashi kafin a ɗaga shi. Shi da kansa zai faɗa maka. In ka ga murjanin naman kaza ya miƙe ya yi kamar mazurari yana neman sama, haske ya yi masa kaɗan. In ya shafe a jikin dutse ya buɗe faɗinsa, ya samu yadda yake so. In ya dunƙule launinsa yana fita, ya yi yawa. Sa'o'i takwas zuwa goma sun isa a yini, da agogon da ke kunnawa ya kashe a lokaci ɗaya kullum. Ni da bazara nakan matsar da nawa ya kama daga ƙarfe biyar na yamma zuwa ɗaya na dare, don kada zafin fitila ya haɗu da na tsakar rana, kuma lokacin ne mutanen gida ke zaune suna kallo. Akwatin dai kada ya kusanci taga.

Sai zancen da kowa ya ƙosa a zo: kifi nawa? A lita 60, biyu, in sun yi yawa uku ƙanana. A lita 80 zuwa 100, uku ko huɗu. Na san adadin yana ɓata rai, musamman ga wanda ya saba ganin akwatin kifin ruwan daɗi cike da kifi ashirin. Amma kifin tsaunin murjani mai gida ne, kowanne yana da ramin da yake karewa, ga ƙarancin iska a ruwan gishiri, ga kashinsu da ke zama takin gansakuka.

Kifi mai launin lemo da farar ɗamara, wanda masana ke kira Amphiprion ocellaris, shi ya fi dacewa da ɗan koyo. Tsawonsa wajen santimita 8, yana cin abincin gwangwani ba gardama, kuma tun shekarun 1970 ake hayayyafa shi a gonakin kifi, don haka a nemi na kiwo, ya fi na teku ƙwari. Akwai abin mamaki a halittarsa da ke da amfani wajen saye. Dukkansu ba a haifarsu mata. Wanda ya fi girma da ƙarfi a cikin rukuni shi ke rikiɗa ya zama mace, kuma in ya zama ba ya komawa. Don haka a sayi biyu ƙanana, ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya, su sasanta kansu. Manya biyu na iya zama mata biyu, su kuwa sai ɗaya ta ga bayan ɗaya. Uku ma ba a yi a ƙaramin akwati, na ukun zai sha duka. Kuma ba ya bukatar furen teku mai harbi don ya rayu. Furen nan yana son akwatin da ya kai wata shida zuwa shekara da kafuwa, yana tafiya da ƙafarsa ya harbi duk murjanin da ya tarar, kuma in ya faɗa injin motsa ruwa ya niƙe, a lita 60 ba abin da zai kai safe.

Wanda na fi ƙauna shi ne ɗan rawayan gobi mai gadi, Cryptocentrus cinctus, tare da abokin zamansa jatan lande mai bindiga, wanda ke yin ƙara kamar ta harbi da babban hannunsa. Jatan landen ba ya gani sosai, amma gwanin haƙa ne. Gobin yana da ido, ba ya haƙa. Da safe in na tsuguna gaban gilashi sai in ga gobin a bakin rami ya ɗaga kai, jatan landen yana fitowa da yashi a hannuwansa kamar mai yasar rijiya, gashin bakinsa ɗaya a jikin gobin ba ya ɗagawa. Da inuwata ta gifta, gobin ya kaɗa wutsiya, su biyun su shige. Suna son yashi mai ɗan kauri da ɓaraguzan dutse, kuma dutsen akwatin ya zauna a kan gilashi, ba a kan yashi ba, don kada haƙar ta rushe shi. Ban da su akwai Gramma loreto na tekun Karibiyan, rabinsa shunayya rabinsa rawaya, mai son kogo, guda ɗaya ake sawa. Akwai kifin wuta, Nemateleotris magnifica, mai tsoro da tsalle. Saboda irinsa ake rufe akwati da raga kamar ta gidan sauro. Murfin gilashi yana tare zafi.

Waɗanda za a kauce wa su ne dai waɗanda suka fi jan ido. Shuɗin nan mai rawayar wutsiya yana kai santimita 30, mai dogon iyo ne, akwatin ɗaruruwan lita yake so, kuma shi ne kan gaba wajen kamuwa da cutar farin ɗigo. Ƙananan shuɗayen damsel suna da arha da taurin rai, shi ya sa ake tura wa ɗan koyo su, amma in ɗaya ya kama gida ba baƙon da zai ƙara shiga lafiya. Mandarin mai zanen atamfa ƙananan halittun jikin dutse yake tsinta yini guda, a sabon ƙaramin akwati yunwa ke kashe shi cikin ƴan watanni, mai shi yana zuba abinci yana mamakin ramarsa. Ƙananan kifayen da ake kira mala'ikun teku suna tsattsagar murjani. Kifi mai kumbura da kifin zaki kuwa jatan lande da ƙananan kifi ne abincinsu. Ƙa'idar da ba ta cika kuskure ba ita ce ban da masu ɗamara biyun nan, kada a haɗa biyu masu kama ɗaya da wurin zama ɗaya. Mai yashi ɗaya, mai kogo ɗaya, masu tsakiyar ruwa biyu. Masu tsoro su fara shiga su kama wuri, masu ɗamara su zo ƙarshe, kuma tsakanin kowane sabon shiga a bar sati biyu ko uku don bakteriya ta cim ma sabon nauyin. Abinci sau ɗaya ko biyu a yini, wanda za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu.

Masu shara kaɗan ake sawa. Dodon koɗi biyar ko shida sun ishi lita 60, wasu na gilashi irin Trochus, wasu na cikin yashi irin Nassarius, kuma sai gansakuka ta fito ake kawo su. Ƙaguwar da ke shiga katantanwa tana kashe dodon koɗi don ta gaji gidansa, in za a sa ta a zuba mata katantanwa marasa kowa.

Murjani ma yana faɗa, sai dai faɗansa da dare ne kuma ba ƙara. A fara da masu taushi: naman kaza irin Discosoma, ƴan maɓallan Zoanthus, murjanin fata Sarcophyton. Bayan wata shida, in komai ya zauna, a gwada masu ƙashi masu haƙuri kamar Caulastrea da Duncanopsammia, kuma daga nan sai an fara auna alli, a riƙe shi tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, da ƙarfin ruwan na tare tsami tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. Koriyar ciyawar taurari da Xenia mai buɗe hannu tana rufewa suna da sauƙi har sun yi yawa, suna mamaye akwati kamar ciyawar ƙiri-ƙiri, a ware musu dutsensu a tsakiyar yashi. Euphyllia da Galaxea suna miƙo dogayen zaruruwa masu harbi bayan an kashe fitila, na Galaxea yakan kai taƙi guda, da safe sai ka ga gefen maƙwabcinsa ya ƙone. Murjanin fata kuma wani sinadari yake saki a ruwa da ke hana masu ƙashi girma, shi ya sa ake ajiye ɗan buhun gawayin tace ruwa a canza shi duk wata. A bar tazarar yatsu huɗu ko biyar tsakanin kowane biyu, a tuna za su girma. Acropora mai rassa a bar shi sai an shekara biyu ana abu ɗaya ba tangarɗa.

Akwai gargaɗi biyu da ba na so a wuce su. Wasu daga cikin ƴan maɓallan nan, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafi mai tsanani da ake kira palitoksin. Ba a taɓa su da hannu mai rauni, a sa safar roba da tabarau, a wanke hannu, a hana yara tsoma hannu. Kuma har abada kada a tafasa dutsen da suke kai ko a zuba masa ruwan zafi, don tururin kaɗai ya sha kwantar da iyali guda a asibiti a ƙasashen da ake wannan kiwo. Na biyun namu ne na nan gida: maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duka guba ne ga kifi, ga jatan lande kuma ya fi. Ɗakin da akwati yake ba a fesa shi, a gaya wa kowa a gidan, har mai aiki. Turaren wuta ma a kai shi wani ɗakin, hannun da ya sha man shafawa ko sabulu kuma a ɗauraye shi sosai kafin ya shiga ruwa.

Duk mai ran da zai shiga akwatin nan ta jirgin sama zai iso. Teku mafi kusa da mu, ta Kwatano, tana da nisan wajen kilomita dubu ta hanyar mota, kuma gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da irin wannan tsaunin murjanin. Murjani mai ƙashi duk yana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, wato CITES, sai da takardar izini yake tsallaka iyaka. Ke nan kifin da ya iso ya gaji, kuma wanda ya mutu ba a fita kasuwa gobe a sayo madadinsa. A yi odar a watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kada kwali ya zauna a rana a filin jirgi cikin Afrilu. Sabon kifi ya fara yin sati huɗu a wani ƙaramin akwati daban ana lura da shi, don in cutar farin ɗigo ta shiga babban akwati ba a iya zuba magani, maganinta jan ƙarfe ne da ke kashe murjani. Sai dai a kwashe kifin duka a bar akwatin ba kifi fiye da wata biyu. Ruwan ledar da ya zo a ciki kuma a zubar da shi waje.

Ɗan yayata ya mai da akwatinsa ɗakin da ke da kilim, ya ɗaura fanka, ya sayi batir kafin ya sayi kifi. Ya jira har Disamba. Yanzu yana da masu ɗamara biyu, da gobi da abokinsa, da dodon koɗi biyar, da naman kaza ja da ya fara da guda uku ya zama bakwai. Kwanan baya wajen ƙarfe biyu na dare ya kira ni a firgice. "Kawu, ina jin ƙas, ƙas daga akwatin, gilashin ne ke tsagewa?" Na ce ya haska tocila a bakin ramin. Jatan landen ne yake harba bindigarsa, wani dodon koɗi ya zo wucewa ta ƙofar gidansa.